Minna da makomar ma'aikatan ƙungiyoyin farar hula

Ranar 20 ga Janairu, 2025, ranar da aka rantsar da shi a karo na biyu, Shugaban Amurka Donald Trump ya rattaba hannu a kan umarnin dakatar da tallafin da ƙasarsa ke bai wa ƙasashen waje na tsawon kwana 90. Bayan kwana huɗu Ma'aikatar Harkokin Wajen ƙasar ta umarci masu gudanar da ayyuka da wannan kuɗi su ajiye aiki nan take, kuma zuwa ranar 1 ga Yuli an rufe hukumar USAID, aka mayar da ragowar ayyukanta ƙarƙashin ma'aikatar. A Abuja an fi tattauna lamarin ta fuskar giɓin da ya bari a kasafin lafiya. A Minna kuwa, mai tazarar kimanin kilomita 150 daga babban birnin tarayya, lamarin ya sauka ne a kan albashin wasu mutane da ba a cika lissafa su ba idan ana maganar ma'aikata, wato akantoci da jami'an tattara bayanai da masu wayar da kan jama'a da direbobin da ke cin abinci a ƙungiyoyin farar hula.

Waɗannan mutane ba su cikin jerin ma'aikatan gwamnati, saboda haka babu ƙungiyar ƙwadagon da za ta yi yajin aiki dominsu, kuma yawancinsu ba su da wani jari da za su koma wa idan kwantiragi ya ƙare. Amma a cikin shekara 25 da suka wuce su ne suka koyi yadda ake kai magani ƙauyen da mota ba ta zuwa, da yadda ake ƙirga masu gudun hijira, da yadda ake riƙe littafin kuɗi da zai tsallake binciken baƙon mai bincike. An gina sana'arsu a kan kuɗin waje, kuɗin ya ja baya, ita kuma al'ummar da suke yi wa aiki ta sauya ta fuskoki da dama a lokaci guda. Abin da ke cikin haɗari yanzu shi ne ƙwarewar da aka tara, domin idan ta watse sake tara ta zai ci shekaru, kuma wani ɓangare na makomarta yana hannun jami'an tarayya da hadiman da ke rubuta manufofi a Abuja.

Daga sa-kai zuwa sana'a

Minna wuri ne da ya dace a duba wannan tarihi, domin wasu daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin Arewa a nan suka yi saiwa. A 1969 Sheikh Ahmed Lemu da Hajiya Aisha Lemu da Alhaji Sani Ashafa Suleiman suka kafa cibiyar ilimin Musulunci da aka fi sani da IET, wadda ta koma Minna da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976. A watan Oktoban 1985 kuma, a wannan gari aka kafa Tarayyar Ƙungiyoyin Mata Musulmi ta Najeriya, wato FOMWAN, Hajiya Aisha Lemu ta zama Amirarta ta farko. Mutanen wancan zamani suna da aikin da suke ci da shi. Sheikh Lemu shi ne Alƙalin Alƙalan jihar, matarsa ta riƙe shugabancin kwalejin horon malamai mata, sauran membobi malamai ne da ma'aikatan jinya da matan gida. Aikin ƙungiya hidima ce da ake yi bayan tashi daga ofis, kuma sau da yawa daga aljihun mai yi ake kashewa.

Zamanin mulkin soja ya kawo wani salo, na shirye-shiryen da ke jingine da ofishin uwargidan shugaba. Shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida ya fara a 1987, sannan a 1999 Mai Shari'a Fati Lami Abubakar, wadda daga baya ta zama Babbar Jojin Jihar Neja, ta kafa ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA. Dukkansu biyu suna da alaƙa da gidajen Minna, kuma sun taimaka wajen sabar wa mutane da ganin ƙungiya mai ofis da ma'aikata na dindindin.

Babban sauyin ya zo ne bayan komawa mulkin farar hula a 1999. An kafa Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro a 2002, Amurka ta ƙaddamar da shirinta na PEPFAR a 2003, a shekarar ce kuma ƙauracewa rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa ta nuna wa duniya cewa magani ba ya isa ga jama'a sai da mutanen da jama'a suka yarda da su. Kuɗi ya shigo, tare da shi kuma wasu muƙamai da ba a san su ba a da: jami'in shirye-shirye, jami'in bibiya da tantance aiki, jami'in kula da bin ƙa'idojin mai tallafi. Matasan da suka kammala Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, ko Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida ta Lapai, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Bida, suka sami ƙofar aiki a daidai lokacin da gurbin gwamnati ya yi wuya. Albashin ya fi na gwamnati, horon ya fi yawa, iyaye kuma suka fara alfahari da ɗan da ke aiki a ƙungiya.

Aikin ya yi amfani. Lokacin da aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali ranar 25 ga Agusta, 2020, wani kaso na nasarar na matan da suka bi gida-gida ne suna lallashin iyaye, cikinsu har da 'yan FOMWAN. Sai dai ginin yana da rauni tun daga tushe. Kuɗin kan taso daga Washinton ko Landan zuwa wata babbar ƙungiya ta ƙasa da ƙasa, daga nan ya sauka ofishinta na Abuja, sannan ragowar ta iso ƙaramar ƙungiyar jiha a matsayin ƙaramin kwantiragi na wata shida ko shekara guda. A kowane mataki ana cire kuɗin gudanarwa, kuma wanda ke mataki na ƙarshe shi ne mafi ƙarancin albashi da mafi gajeren kwantiragi. Masu ba da tallafin ma sun amince da wannan aibi, shi ya sa a taron jinƙai na duniya da aka yi a Santambul a 2016 suka yi alƙawarin miƙa kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji ga ƙungiyoyin gida kafin 2020. Wa'adin ya cika ba a kai ko kusa ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Sauyin da ya zo ta ko'ina

Janyewar Amurka ita ce ta fi ƙara, amma ba ita kaɗai ba ce. Birtaniya ta rage tallafinta daga kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5 a 2021, kuma a watan Fabrairun 2025 ta sanar da cewa za ta sake ragewa zuwa 0.3 nan da 2027 domin ƙara kasafin tsaro. Wanda ke zaune yana jiran sauyin gwamnati a Amurka ya dawo da kwanakin baya yana jiran abin da alamu suka nuna ba zai dawo yadda yake ba. Jihar Neja, wadda ke cikin jihohin da shirin bunƙasa noma na Amurka ya zaɓa, kuma take cin gajiyar shirye-shiryen lafiya kamar sauran jihohi, ba ta da hanyar kauce wa wannan.

Tsadar rayuwa ta zo da nata. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin Naira a kasuwa cikin watan Yuni, Dala ta tashi daga kimanin Naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024. Kasafin da aka rubuta da Naira kafin wannan lokaci ya zama takarda kawai, domin kuɗin man da aka ware don ziyartar ƙauyuka goma ba ya kai mota rabinsu. Ranar 5 ga Fabrairu, 2024, mata da matasa suka tare hanyar Minna zuwa Bida a shataletalen Kpakungu suna kukan yunwa, zanga-zangar da ta ja hankalin ƙasa baki ɗaya. Ba daga ɗakin taron bita na wani otal ta fito ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa duk mai aikin ƙungiya ya tambayi kansa yadda aka yi mutanen da yake rubuta rahoto da sunansu suka fito titi ba tare da sun neme shi ba.

Rashin tsaro ya sauya irin aikin da ake buƙata. An sace ɗalibai 27 daga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara ranar 17 ga Fabrairu, 2021, sannan ranar 30 ga Mayu aka kwashe yara fiye da 130 daga makarantar Islamiyya ta Salihu Tanko a Tegina, suka shafe kusan wata uku a daji. A watan Afrilun shekarar ne Gwamna Abubakar Sani Bello ya faɗa, a sansanin masu gudun hijira na makarantar firamare ta IBB da ke cikin Minna, cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure cikin Ƙaramar Hukumar Shiroro. A watan Nuwamban 2025 aka sake kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga makarantar Katolika ta Papiri a Agwara. Jami'in da aka horar a kan wayar da kai game da tazarar haihuwa ya wayi gari ana neman ya raba abinci a Kuta ko Gwada, ya yi magana da yaron da ya ga an kashe mahaifinsa, ya kuma san hanyar da za a bi da wadda ba a bi. Tsarin agajin Majalisar Ɗinkin Duniya a Najeriya kuwa an gina shi ne a kan Borno da Adamawa da Yobe, saboda haka ma'aikacin Neja yakan ɗauki haɗari irin na Arewa maso Gabas ba tare da kuɗi ko inshora irin nasu ba. Ambaliyar Mokwa ta ranar 29 ga Mayu, 2025, wadda ta ci rayuka fiye da 150, ta zo ne wata huɗu bayan umarnin ajiye aiki, lokacin da buƙata ta ƙaru hannuwa kuma suka ragu.

Fasaha ma ta taɓa sana'ar. Bayanan da a da mutum biyar ke cikewa a takarda, wani ya shigar a kwamfuta, yanzu mutum ɗaya ke aikawa daga wayar hannu. Babbar ƙungiya na iya riƙe jami'i guda a Abuja ya kula da jihohi uku ta intanet, manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuma sun fara rubuta takardar neman tallafi da rahoton wata cikin Turancin da a da shi ne jarin wasu. A ɗaya ɓangaren, taimakon jama'a ya koma Facebook da WhatsApp. Matashi mai mabiya da yawa yakan tara kuɗin aikin tiyata ko na marayu cikin kwana biyu, abin da ƙungiya mai rajista za ta shafe watanni tana rubuce-rubuce kafin ta samu. Amanar jama'a ta koma kan fuskar da suka sani, ko da babu littafin kuɗi a bayanta.

Doka da zargi sun ƙara nauyi. Dokar Kamfanoni ta 2020, a sashe na 839, ta bai wa Hukumar Rajistar Kamfanoni ikon dakatar da amintattun ƙungiya a wasu yanayi, ga rahoton shekara-shekara, ga rajista da sashen yaƙi da halatta kuɗin haram na hukumar EFCC. Waɗannan ƙa'idoji suna da dalili, amma cika su na buƙatar akanta da lauya, su ne kuma ƙaramar ƙungiya ke fara sallama idan kuɗi ya yanke. A watan Fabrairun 2025 wani ɗan majalisar Amurka, Scott Perry, ya yi zargin cewa kuɗin USAID ya kai ga Boko Haram. Jakadan Amurka a Najeriya, Richard Mills, ya ce babu hujjar hakan, amma maganar ta riga ta shiga majalisun hira, kuma ma'aikacin da ke tsayawa a shingen bincike da kwalin magani a bayan mota shi ke amsa tambayar.

Masu cewa gara haka

Akwai masu ganin cewa abin da ya faru gyara ne. Hujjarsu ita ce sana'ar ta cika da tarukan bita da ake yi domin alawus, da manyan motoci, da ƙungiyoyin da ofishinsu jakar hannu ce, da rahotannin da ake rubuta wa baƙo ba a karanta wa mutanen gari. Suna ƙarawa da cewa tallafin waje ya sa gwamnatoci sun yi sakaci da lafiya da ilimi, tun da akwai mai biya. Akwai gaskiya a cikin wannan, kuma duk wanda ya san harkar ya san misalai.

Sai dai wanda ya ci gajiyar wancan tsari ba shi ne ke shan wuyar rushewarsa ba. Babban jami'in da ya yi suna yana da hanyar komawa wata hukuma a Abuja, ko aikin ba da shawara, ko fita waje. Wanda ke zama babu aiki shi ne mai bibiyar majinyata da ya san waɗanda suka daina karɓar magani a unguwarsu, da matar da ke jin Gbagyi da Nufanci da Hausa kuma ake buɗe mata ƙofar gida. Jihar Neja ita ce mafi faɗin ƙasa a Najeriya, tana da ƙananan hukumomi 25 da harsuna masu yawa, kuma sanin irin wannan ƙasa ba a samun sa a takardar digiri. Idan irin waɗannan mutane suka koma sana'ar cirar kuɗi ta POS ko tuƙin Keke, gwamnatin da ake cewa ta karɓi aikin za ta tarar babu wanda zai yi mata shi.

Darasin tsofaffin ƙungiyoyi

Hajiya Aisha Lemu ta rasu a watan Janairun 2019, Sheikh Ahmed Lemu, wanda ya karɓi lambar yabo ta Sarki Faisal a 2014, ya bi ta a Disamban 2020. Cibiyar da suka bari tana nan tana aiki, haka ma FOMWAN mai rassa a faɗin ƙasar nan. Dukkansu sun yi aiki da masu tallafi na waje a lokuta daban-daban, saboda haka ba ƙin kuɗin baƙo ne ya raya su ba. Abin da ya bambanta su shi ne suna da ƙafar da suke tsaye a kai ko da baƙon ya tafi. IET tana da makarantu, irin su New Horizons da ke Minna, da harkar wallafa littattafai. FOMWAN tana da membobi da makarantu da asibitoci, kuma membobin sun shiga ne tun kafin a yi maganar alawus. Ma'aikacin irin wannan ƙungiya albashinsa na iya zama kaɗan, amma aikinsa ba ya mutuwa da ƙarewar wa'adin wani shiri.

Wannan darasi yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta. Ƙungiyar addini tana da mabiyan da ke ganin bayarwa ibada ce. Ƙungiyar da ke bin diddigin kasafin kuɗin jiha, ko kare wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, ba ta da wannan gata, domin attajiri ba ya son a gan shi yana ɗaukar nauyin masu sukar gwamna, gwamnati kuma ba ta biyan mai tona mata asiri, idan ma ta biya to bakinsa ta saya. Irin waɗannan ƙungiyoyi mafitarsu tana ga kuɗin membobi komai ƙanƙantarsa, da haɗa kai da ƙungiyoyin lauyoyi da likitoci da 'yan jarida da malaman jami'a waɗanda ke da nasu kuɗin shiga, da haɗewar ƙananan ƙungiyoyi su riƙe akanta ɗaya da ofis ɗaya. Za su ragu a yawa, kuma wasu muƙamai ba za su dawo ba.

Ga masu aikin jinƙai da lafiya da ilimi kuwa, akwai hanyar da al'umma ta sani tun da daɗewa, wato waƙafi da zakka. Jihar Sakkwato ta nuna cewa hukuma mai tsari na iya tara su ta raba. Matsalar ita ce mai bayarwa ya fi son ya ga rijiya ko masallaci da sunansa, ba ya son ya ji cewa wani kaso ya tafi albashin akanta. Wannan tunani ne ya kamata malamai da limaman coci su taimaka a gyara, domin Musulunci da kansa ya ware wa masu aikin tattara zakka rabo a cikinta. Dubban Nairorin da ake tarawa a WhatsApp ma suna buƙatar wanda ya iya riƙe lissafi da tantance mabuƙaci, kuma mutanen da suka iya wannan su ne ke zaune babu aiki a yau.

Abin da ke hannun Abuja

Gwamnatin Tarayya ta riga ta nuna cewa ta fahimci wani ɓangare na matsalar. Majalisar Tarayya ta sanya Dala miliyan 200 a kasafin 2025 domin cike giɓin lafiya, Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate kuma ya bayyana aniyar riƙe ma'aikatan lafiya 28,000 da kuɗin Amurka ke biya. Mataki ne mai kyau, amma ya tsaya ga fannin lafiya, kuma amfaninsa yana ga aiwatarwa. Akwai wasu matakai da ba sa buƙatar kuɗi mai yawa, sai dai jami'in da zai rubuta takarda ya bi ta har ta kai ga sa hannu.

Na farko, a san su wane ne. Ma'aikatar Kasafi da Tsare-tsaren Tattalin Arziƙi ce ke ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, saboda haka tana da damar neman jerin ma'aikatan da shirye-shiryen da aka rufe suka sallama, jiha-jiha, da irin ƙwarewar kowa. Jerin da ke hannun gwamnatin jiha da hukumomin tarayya zai hana a ɗauko baƙo daga Legas ya yi aikin da ɗan Bosso ko Chanchaga ya shekara goma yana yi.

Na biyu, a gyara yarjejeniyoyin da za a ƙulla nan gaba. Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata 15 ko fiye ya zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci ya zuba 8, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi kashi 1 na albashi ga asusun NSITF. Ƙananan ƙungiyoyi da yawa ba su kai adadin farko ba, wasu kuma ana kiran ma'aikatansu 'yan sa-kai domin a kauce wa nauyin. Sharaɗi guda a cikin yarjejeniya, cewa duk kuɗin da zai sauka ga ƙungiyar gida ya ƙunshi fansho da inshora da haƙƙin sallama, zai canja rayuwar dubban mutane.

Na uku, hukumomin gwamnati su riƙa sayen aiki daga ƙungiyoyin gida ta hanyar gasa a fili. Asusun kula da lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta 2014 ta kafa, da hukumar NEMA, da hukumar raya yankunan madatsun ruwa ta HYPPADEC wadda hedikwatarta ke Minna, duk suna da aikin da ke buƙatar wanda ya san ƙauye. Tun bayan cire tallafin mai kason jihohi daga asusun tarayya ya ƙaru, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Duk da jan ƙafar da ake yi wajen aiwatarwa, ranar da kuɗin ya sauka ƙananan hukumomin Neja 25 za su buƙaci masu iya tsara kasafi da auna sakamako. Haɗarin a nan sananne ne, kada abin ya zama sabuwar hanyar raba kwangila ga 'yan siyasa masu ƙungiyar jakar hannu, shi ya sa dole a buga sharuɗɗa da sunayen waɗanda suka yi nasara.

Na huɗu, a daidaita ƙa'ida da girman ƙungiya. Ƙungiyar matan unguwa da ke juya Naira miliyan biyu a shekara bai kamata ta cika takardu iri ɗaya da mai juya biliyoyi ba. Haka kuma shekarun da mutum ya yi a ƙungiya mai rajista ya dace a lissafa su idan ya nemi aikin gwamnati, maimakon a mayar da mai ƙwarewar shekara 12 matakin wanda ya gama hidimar ƙasa jiya.

Ma'aikacin tarayya na iya ganin wannan a matsayin matsalar wasu, tun da albashinsa na zuwa ƙarshen wata. Amma alƙaluman rigakafi da na masu gudun hijira da yake sakawa a jawabin minista, da yawansu waɗannan mutane ne suka tattaro su, kuma shirin da yake tsarawa a ofis ƙafafunsu ne ke kai shi Shiroro da Mariga da Mokwa. Hadiman 'yan siyasa ma, waɗanda aikinsu ke ƙarewa da wa'adin ubangida, sun fi kowa sanin ɗanɗanon kwantiragi marar fansho. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Shekara 40 ke tsakanin taron matan da suka kafa FOMWAN a Minna da umarnin da ya rufe USAID. A tsakanin nan hidima ta zama sana'a, sana'ar kuma ta koyar da mutanen gari abubuwan da ƙasar nan ke matuƙar buƙata. Kuɗin da ya biya wannan horo ya tafi, amma waɗanda aka horar suna nan a Tunga da Maitumbi da Kpakungu, wasu na neman aiki a Abuja, wasu sun fara cika takardar fita waje. Kowane wata da ya wuce ba a yi komai ba adadinsu na raguwa, kuma damina ta gaba ba za ta jira a kammala kafa kwamiti ba. Allah Ya kawo sauƙi, Ya kuma ba masu riƙe da alƙalami ikon yin abin da ya dace.